Maigidana ya dawo daga hannun 'yan bindiga, amma ba ya ci ba ya barci

Mai tambaya (a ɓoye min suna):
Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah shawara nake nema. An tare motarsu maigidana yana dawowa daga kasuwa, ya yi kusan wata biyu a daji, sai da aka sayar da gona aka biya kuɗin fansa sannan aka sako shi. Mun gode wa Allah, amma fa ba yadda ya tafi ya dawo ba. Ya rame har sai ya naɗe tazuge sau biyu wando yake zama. Na tuƙa masa tuwon shinkafa da miyar taushen da yake so, loma biyu ya tsame hannu. Dare ba ya barci, in ya runtsa sai ya zabura yana gumi. Da ya ji ƙarar babur a ƙofar gida sai ya miƙe tsaye jikinsa na rawa. Yaran da ya saba ɗora su a cinya, yanzu ɗan surutu kaɗan sai tsawa. Hajiyarsu ta ce a riƙa dura masa farfesu, ƙanensa ya ce a sayo maganin barci a kemis, wasu kuma sun ce shafar aljanun daji ce. Ni dai na rasa wanne zan kama.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam. Allah Ya tsare gaba, 'yar'uwa. Kafin komai a kai shi asibiti a auna jininsa, a duba zazzaɓin cizon sauro da taifot da tsutsar ciki, a duba raunukan ƙafa in akwai. Wanda ya daɗe yana shan ruwan rafi, rashin cin abincinsa ba lallai ya zama damuwa kaɗai ba.

Maganar farfesu kuwa, Hajiya ƙauna ce ta sa ta, amma a lallaɓa ta. Jikin da ya daɗe cikin yunwa ba a cika shi lokaci guda. In aka yi haka sinadaran jini suna iya rikicewa, ƙafa ta kumbura, zuciya ma ta taɓu. Ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini: kunun gyaɗa da safe, dafaffen ƙwai, faten wake mai laushi, fura da nono mai tsafta, ayaba ko gwanda. Bayan kwana biyu ki shigo da kifi da hanta da zogale. In jininsa ya yi ƙasa, kada ya haɗa shayi da abinci, domin shayi yana hana jiki zuƙar sinadarin ƙarfen da ke gina jini. Lemon zaƙi ko gwaiba bayan abinci su ne ke taimakawa.

Maganin barci na kemis kuma, wallahi ki tsaya tsayin daka ki hana. Da irin su diyazefam da taramol mutane da yawa suka faro daga "na kwana biyu ne kawai", suka kasa dainawa.

Wani da abin ya taɓa shafa:
Baiwar Allah, ni ma an taɓa ɗauke ni, don haka ki ji wannan da kyau. Abin da ya fi gajiyar da ni bayan na dawo shi ne 'yan jaje. Kowa ya zauna sai ya ce, "To yaya aka yi? Sun doke ka?" Kai kuma duk maimaitawa sai ka ji ka koma wurin. Ki samu yayansa ko amininsa ya riƙa tarbar baƙi a zaure, ya ce musu yana hutawa, an gode. Ke ma kada ki matsa masa da tambaya. Ranar da ya buɗe baki da kansa, ki ajiye abin da kike yi ki saurara, kada ki katse shi da "ai ya wuce, ka manta". Bai wuce a wurinsa ba tukuna.

Akwai kuma abin da ba zai faɗa miki ba: gonar nan da aka sayar tana cin ransa. Yana ganin shi ya talauta gidan. Ki hana a riƙa lissafin kuɗin fansa a gabansa.

Wata uwa:
Ni dai shawarata a nemi malami ya yi masa ruƙiyya, daji ba a shiga a fito haka nan.

Wani malamin Islamiyya:
Baaba, addu'a da karatun Alƙur'ani alheri ne, a yi masa, shi ma ya riƙe azkar na safe da maraice da na kwanciya. Amma kada a ce masa aljani ne ko raunin imani, sai a ƙara masa wani nauyin. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kamar yadda ya zo a aya ta 84 cikin Suratu Yusuf, kuma babu mai cewa imaninsa ya yi rauni. Sannan ya tabbata a Bukhari cewa Nana A'isha (RA) takan sa a dama talbina ga marar lafiya da mai jimamin mutuwa, ta ce ta ji Manzon Allah (SAW) yana cewa tana sanyaya zuciyar marar lafiya, tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Kunu ne marar kauri na garin sha'ir, akan sa madara da zuma. Ki gwada masa da ɗuminsa. Neman magani a asibiti kuma bai ci karo da tawakkali ba.

Ma'aikaciyar jinya:
Na gode Malam da ka faɗi haka. Firgita da mugun mafarki a makonnin farko abu ne da ake gani ga mafi yawan waɗanda suka shiga irin wannan bala'i, kuma da yawa yana lafa musu a hankali. In ya haura wata guda bai ragu ba, ko yana ƙaruwa, to a ga likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitin tarayya a Kware ta jihar Sakkwato, akwai na Barnawa a Kaduna, akwai na Maiduguri, a Kano kuma akwai sashen a asibitin Malam Aminu Kano da kuma Dawanau. Zuwa can ba ya nufin hauka. In kuwa kika ji yana cewa gara ma ya mutu, ko ya daina shan ko da ruwa, kada ki jira wata, ranar za ku tafi, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Mai tambaya:
Allah Ya saka muku da alheri, har na ji sanyi a raina. Na yi magana da yayansa, ya ce gobe zai kai shi awon jini. To yaran fa? Ƙaramar yanzu in ta ji muryarsa ɓuya take yi a bayan ƙofa.

Wata malamar firamare:
Anti, ki zaunar da su ki gaya musu gaskiya daidai hankalinsu: Abba ba shi da lafiya, ba laifinku ba ne, kuma yana son ku. Yaro in ba a yi masa bayani ba, kansa yake ɗora wa laifi. Ki bar su su riƙa kai masa kunu ko ruwan alwala, su zauna kaɗan su fito, wasan hayaniya kuma a koma da shi gidan kaka na ɗan lokaci. Shi ma a rage masa goro da shayi daga la'asar, a bar masa fitila da dare in duhu ne ke tayar masa da hankali, in ya yarda su riƙa takawa masallaci da yayansa. Ke kuma fa, a duk bayanin nan ban ji inda kika ce kina ci ko kina barci ba. Ki kira wata 'yar'uwarki ta zo ta kama miki girki da yara ko na sati biyu ne.