Sujada da safe, Wimbledon da rana: an kiyaye Lahadi kuwa?

Auta: Salama gare ku duka. Tikitin gasar tanis ta Wimbledon da na samu ta ƙuri'a ya faɗo ranar Lahadin tsakiyar gasa. Niyyata in halarci Jibin Ubangiji na ƙarfe 8 na safe a majami'ar St Paul's da ke Landan, in hau jirgin ƙasa na layin District zuwa Southfields, in taka da ƙafa kamar minti 15. A fili na ɗaya sai ƙarfe 1 na rana ake fara wasa.

Kawu: Auta, ba zan ɓoye maka ba, shirin nan bai kwanta mini ba. Ranar Ubangiji ba a raba ta gida biyu. Wanda ya shiga sujada da tikiti a aljihu yana satar duban agogo, gangar jikinsa ce kawai a majami'a. Su kansu masu gasar sun daɗe suna jin nauyin ranar. Tun 1877 ake buga ta, amma sai a 1982 aka fara tsara wasan ƙarshe na maza ranar Lahadi. Lahadin tsakiya kuwa a da ta hutu ce, sau huɗu kacal aka buga a cikinta, a 1991, 1997, 2004 da 2016, duk don ruwan sama ya ɓata jadawali. Sai a 2022 suka soke hutun gaba ɗaya.

Yaya Babba: Kawu, a gafarce ni, amma hutun nan har da ciyawa ake yi wa. A kan ciyawa ake buga Wimbledon, mako guda ana tattaka ta dole a shayar da ita ta farfaɗo. Da dabarun kula da ita suka inganta, sai masu gasar suka ce ba ta bukatar hutun. Kuma a Markus 2:27 Ubangiji da kansa ya nuna cewa saboda mutum aka yi Asabar. Yaro zai fara da Allah, sannan ya je ya huta da abin da yake so. Ina laifin?

Gwaggo: To ɗan tseren nan Eric Liddell fa? A gasar Olamfik ta Faris a 1924 ya ƙi gudun mita 100, tserensa na ainihi, don zagayen farko ya faɗo ranar Lahadi. Ya koma mita 400, ya ci zinariya. Ni irin wannan tsayuwa nake so yaranmu su gani.

Yaya Babba: Ina girmama Liddell ƙwarai, Gwaggo. Amma Michael Chang ma mai bi ne. Ranar Lahadi ya lashe gasar tanis ta Roland Garros da ke Faris a 1989 yana ɗan shekara 17, ya tsaya gaban jama'a ya gode wa Yesu Almasihu. Za mu ce bangaskiyarsa ba ta kai ba? Romawa 14:5 ta bar wa kowa ya tabbata a ransa game da ranaku. Auta ma ba bugawa zai yi ba, zama zai yi.

Kawu: Zaman nasa kuma wa ya ɗauki nauyinsa? Yaran da ke tsintar ƙwallo, alƙalin da ke kan kujera, masu duba jaka a ƙofa, direban jirgi. Fitowa 20:10 ba mai gida kaɗai ta ambata ba, har bawa da baƙon da ke ƙofarka. Hutunka da ke tsaye a kan gumin wani, wane irin hutu ne?

Anti: Ni abin da ke damuna daban ne, kuma ban ji kowa ya taɓo shi ba. Ranar Lahadi St Paul's ba ta sayar da tikitin yawon buɗe ido, sujada kawai ake yi, shiga kuma kyauta ne. Westminster Abbey ma haka take. Shi ya sa za ka ga baƙo ya zauna a baya, littafin addu'a a rufe kan cinya, kansa a ɗage yana kallon kubba, waya a tafin hannu yana neman dabarar ɗaukar hoto. Kafin a sa albarka ya sulale. Wannan ne wulaƙanta sujada, ko da tanis a gaba ko babu. Ta ƙarfe 8 gajera ce, ba mawaƙa, mutane kaɗan ne, ba inda za ka ɓuya. Auta, in za ka durƙusa da su, ka karɓi gurasa, ka zauna har amin ta ƙarshe, ni ban ga abin da kallon wasa da rana zai rage maka ba. Maganar ma'aikata kuwa, Kawu, tana da nauyi, ban raina ta ba, sai dai jirgin da zai kai shi majami'ar ma wani ne ke tuƙa shi.

Auta: Kawu, ko na so sauyawa ba dama. Tikitin ƙuri'a ba kai ke zaɓar rana ba, kuma ba a yarda ka ba wani ko ka sayar ba.

Kawu: Na sani, ɗana. Ita ma ranar tseren Liddell ba shi ya zaɓa ba. Ban hana ka ba, kai ba yaro ba ne. Amma da ni ne, a majami'ar zan tsaya har sujadar yamma, tikitin ya tafi.