Ina ya kamata in tsai da jirgi in hadari ya taso a kogin Isa (Neja)?

Sabon mai jirgi: Assalamu alaikum. Jirgin katako mai inji, tsakanin Yamai da tsibirin Bubon. In hadari ya haɗo, wane gefen tsibiri ne mafaka?

Tsohon masunci: Wa alaikumus salam, ɗana. Hadarin damina daga gabas yake zuwa, iska da ƙura kan riga ruwa. Shiga yammacin tsibiri tun sama na ja, kada ka jira ɗigon farko. Gaban jirgi ya fuskanci iska. In ta same shi a gefe, igiyar ruwa za ta cika shi.

Mai fito: Gaskiyar Baba. Anga kuma, wato ƙarfen da ake jefawa ruwa don tsai da jirgi, tsawon igiya take so: zurfi mita 2, saki mita 10 zuwa 14. Gajeriyar igiya ɗaga anga take yi sama, sai jirgi ya bi ruwa. Laka da yashi suna riƙewa, dutse ba ya yi. Bayan jirgi a ɗaure shi da turke, kuma ka ajiye kwanon kwarfe ruwa kusa da hannu.

Tsohon masunci: Na manta. A Agusta da Satumba, lokacin da kogi ke cika ruwansa ya yi ja, guji gefen tsibiri ta inda ruwan kogi ke gangarowa: itace da kainuwa nan suke taruwa, su danne igiya har ta tsinke. Inda ka ga sawun dorina a gaɓa, matsa gaba.