Ƙwarin da ke sauka kan furen lambu: wanne ne mai amfani?

Mai Lambu, Maiurno: Assalamu alaikum. A bayan gida akwai kabewa da lemun tsami, 'ya'yan kabewar sai su yi rawaya su faɗi tun suna ƙanana. Ƙwari iri-iri na zuwa kan furen. Ta yaya zan bambance masu amfani kafin in yi feshi?

Baban Zuma, Sinnar: Wa alaikumus salam. Malam, dakata da feshin tukuna. Fara da ƙirga fiffike: ƙudan zuma huɗu gare shi, kuma za ka ga ƙurar fure ta taru a ƙafafunsa na baya. Akwai wani ƙuda mai kwaikwayon launinsa, fiffike biyu, manyan idanu, yana tsayawa cak a iska. Ba ya harbi, tsutsarsa ma tana cin ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ganye.

Idan ƙudan zuman ɗan ƙarami ne, bai kai santimita ɗaya ba, cikinsa ja-ja, to wani baƙon iri ne daga Asiya da aka fara gani a Khartum ta Sudan a 1985, ya bi gaɓar Nilu ya bazu. Saƙa guda ɗaya yake yi a reshe, a fili. Kada ka wahalar da kanka, ba ya zama cikin amya.

Hajiya, Gadarif: Ɗana, faɗuwar kabewa yawanci rashin kai ƙurar fure ne. Macen fure tana da ɗan ƙullutu a gindinta, namijin kara ne siriri kawai. Furen yana buɗewa da asuba, kafin rana ta take ya rufe, shi ke nan. Da sassafe tsinko namiji, cire ganyen furen, ka goga a tsakiyar macen. Ɗaya ya ishi mata biyu.

Baban Zuma: Gaskiyar Hajiya. Malam-buɗe-littafi kuwa, mai ruwan lemo da baƙin gefe da ɗigon fari, a tumfafiya yake ƙwai, bar shi. Babban baƙi mai ɗigon rawaya shi ne na lemun tsami: tsutsarsa tana kama da kashin tsuntsu, tana cinye sabon toho. Tsince ta da hannu. In feshi ya zama dole, sai bayan magariba, kuma ban da kan fure.