Tambaya: Wa ake yi wa gargaɗi idan mai mamaya ya ce hare-hare za su ƙaru?

Ɗaliba daga Gwagwalada:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina rubuta kundin digirina na biyu a kan shekarun farko na mamayar Iraƙi, daga 2003 zuwa 2005, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Duk lokacin da wata muhimmiyar rana ta gabato, sai jami'an Amurka su fito su ce a shirya, domin hare-haren masu tayar da ƙayar baya za su ƙaru. Sun faɗi haka gabanin miƙa mulki ga gwamnatin wucin gadi a watan Yunin 2004, sun sake faɗa gabanin zaɓen 30 ga Janairun 2005, kuma a lokutan biyu jini ya zuba kamar yadda suka ce. Amma daga cikin gwamnatin Amurkan nan ne mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney ya ce a watan Mayun 2005 tawayen yana gargarar mutuwa.

Ba aikin makaranta kaɗai ya sa nake tambaya ba. A watan Oktoban 2022, da ofishin jakadancin Amurka ya yi gargaɗin yiwuwar harin ta'addanci a nan Abuja, mahaifiyata, wadda ke da shagon atamfofi a kasuwar Wuse, ta tambaye ni ko ta buɗe shago ko ta zauna a gida, kuma ban iya ba ta amsa ba. Tun daga ranar nake tunanin irinta a Bagadaza. Shin irin wannan gargaɗi don amfanin mutumin da bam zai tashi a ƙofar gidansa ake yin sa, ko kuwa don wasu mutane ne daban?

Tsohon ɗan jarida, Wuse:

Wa alaikumus salam, Malama. Na yi aiki a teburin labaran ƙasashen waje a shekarun da kike magana, kuma shawarata ita ce ki jera kalaman jami'an bisa kwanan wata, domin a jerin ne amsarki take. Da farko babu gargaɗi ko kaɗan, musu ake yi. A ranar 1 ga Mayun 2003 Shugaba George Bush ya tsaya a kan jirgin ruwan yaƙi ya sanar da cewa manyan faɗace-faɗace sun ƙare, sakataren tsaro Donald Rumsfeld kuma ya riƙa kwatanta maharan da ragowar magoya bayan Saddam waɗanda ba su da makoma. Sai a tsakiyar watan Yuli ne Janar John Abizaid, sabon kwamandan dakarun Amurka na yankin Gabas ta Tsakiya, ya amsa a bainar jama'a cewa yaƙin sari-ka-noƙe ake yi. Watan Agusta kuwa ya rufe bakin mai musu: an kai wa ofishin jakadancin Jodan da ke Bagadaza hari a ranar 7, an tarwatsa hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a Bagadaza a ranar 19 inda mutum 22 suka mutu har da wakilin Majalisar, Sergio Vieira de Mello, sannan a ranar 29 bam ya kashe Ayatullahi Muhammad Baƙir al-Hakim da ɗimbin masallata a Najaf.

Bayan musu ya gagara ne aka koma gargaɗi, kuma a ganina an koma ne domin gargaɗi ya fi musu amfani ga mai mulki. Idan ka riga ka ce hare-hare za su ƙaru sannan suka ƙaru, ka zama mai hangen nesa. Idan ba su ƙaru ba, ka zama wanda ya daƙile su. Ki duba ranar 27 ga Oktoban 2003, farkon azumin Ramadan, da aka kai hari ofishin Red Cross da wasu caji ofis a Bagadaza: a ranar Bush ya bayyana hare-haren a matsayin alamar cewa nasarar da ake samu ce ke firgita maharan. Da wannan lissafi babu adadin gawarwakin da zai nuna cewa al'amura sun lalace. Kada kuma ki manta akwai zaɓen shugaban ƙasa a Amurka a watan Nuwamban 2004, saboda haka kunnen da aka fi nema shi ne na mai jefa ƙuri'a a can, wanda ake so ya saba da mummunan labari kafin ya iso masa.

Tsohon soja, Karu:

'Yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Malam ɗan jarida ya faɗi gaskiya a kan 'yan siyasa, amma ban yarda a ce gargaɗin duka dabara ce ba. Na yi aiki da rundunar ECOMOG a Saliyo, ina kuma Freetown lokacin da 'yan tawaye suka shigo birnin a watan Janairun 1999, saboda haka na san yadda soja ke jin ƙanshin hari kafin ya zo. Masu kawo maka labari sukan yi shiru, kasuwa takan watse da wuri, baƙin fuskoki sukan yawaita a unguwa. Za ka san abu na tafe, amma ba za ka san titi ko sa'a ba, kuma ko ka sani ba za ka faɗa a rediyo ba, domin faɗar za ta tona asirin wanda ya gaya maka, a yanka shi kafin gari ya waye.

Hujjar cewa Amurkawa sun yarda da gargaɗin nasu ita ce abin da suka aikata. An tsara miƙa mulki a ranar 30 ga Yunin 2004, amma Paul Bremer, shugaban hukumar mamayar, ya miƙa wa gwamnatin wucin gadi ta Iyad Allawi a ranar 28, a wani ɗan taro da ba a sanar ba, ya bar ƙasar a ranar. A zaɓen Janairun 2005 an rufe kan iyakoki, an hana motoci zirga-zirga, shi ya sa maharan suka koma aiko 'yan ƙunar baƙin wake a ƙafa, kuma duk da an rasa rayuka, miliyoyin mutane sun jefa ƙuri'a. Wannan gargaɗi ne da aka bi shi da aiki.

Inda laifinsu yake, a wurina, shi ne abin da gargaɗin bai taɓa faɗa ba, wato mafarin wutar. A ranar 23 ga Mayun 2003 Bremer ya rushe rundunar sojan Iraƙi da umarni guda, mako ɗaya bayan ya kori manyan 'yan jam'iyyar Ba'ath ta Saddam daga aikin gwamnati. Dubban ɗaruruwan mutanen da suka iya bindiga, suka san inda rumbunan makamai suke, suka wayi gari babu aiki, rumbunan kuma da yawa babu mai gadi. Daga harsasan manyan bindigogin da aka kwasa a can aka riƙa haɗa bama-baman gefen hanya. Tun kafin yaƙin, a watan Fabrairun 2003, Janar Eric Shinseki, babban hafsan sojan ƙasa na Amurka a lokacin, ya shaida wa majalisar dattawan Amurka cewa riƙe Iraƙi zai buƙaci dubban ɗaruruwan sojoji, manyan ma'aikatar tsaro suka yi watsi da maganarsa. Duk wanda ya taɓa sa kaki ya san abin da ke biyo bayan sallamar soja da yunwa.

Lauya, Garki:

Ƙanwata, ina so in ƙara a kan maganar Baba ta fuskar doka, sannan in ja hankalinki game da kwatancen da kika yi da Abuja. A dokar ƙasa da ƙasa, mai mamaya ba baƙo ba ne da zai tsaya gefe yana ba da labarin haɗari. Sashe na 43 na Ƙa'idojin Hague na 1907 kan dokokin yaƙi ya ɗora masa nauyin ɗaukar duk matakin da zai iya domin maido da doka da oda da kuma tabbatar da su, Yarjejeniyar Geneva ta huɗu ta 1949 kuma ta ƙara masa nauyin kare fararen hula. Ƙudurin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 1483, na watan Mayun 2003, ya amince da Amurka da Birtaniya a matsayin masu mamayar Iraƙi tare da duk nauyin da ke tattare da hakan. Saboda haka idan hukumar mamaya ta ce hare-hare za su ƙaru, makiyayi ne ke sanar da cewa kura na zagaya garken da aka ba shi amana, kuma sanarwar ba ta sauke masa komai daga wuyansa ba.

Lamarin Oktoban 2022 daban yake. Najeriya ba a ƙarƙashin mamaya take ba, kuma ofishin jakadanci 'yan ƙasarsa yake yi wa magana, shi ya sa bayan 'yan kwanaki aka umarci iyalan ma'aikatansa su bar Abuja. Ba shi da alhakin gadin kasuwar Wuse. Wannan alhaki yana kan gwamnatinmu, kamar yadda sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Abin da ya haɗa Hajiya da takwararta ta Bagadaza shi ne dukansu sun ji gargaɗin da aka tsara wa masu halin tashi su bar gari, alhali su abincin gidansu yana cikin shagon da ake ce musu su guje wa. Ki rubuta wannan kamanceceniya, amma ki bambanta matsayin masu maganar biyu, in ba haka ba masu duba kundinki za su kama ki a nan.

Ɗaliba daga Gwagwalada:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Barista, na karɓi gyaran, zan raba su a babi daban-daban. Baba, maganarka ta sa na gane cewa na haɗa gargaɗin kwamanda da na ɗan siyasa a kwando ɗaya. Saura abu guda: akwai lokacin da hukumar mamayar ta san takamaiman abin da maharan ke nufi, ba ƙaruwar hare-hare kawai ba?

Tsohon ɗan jarida, Wuse:

Akwai, Malama. A watan Fabrairun 2004 jami'an Amurka sun fitar da wata wasiƙa da suka ce Abu Mus'ab al-Zarƙawi, wani jagoran mahara a Iraƙi, shi ne ya rubuta wa shugabannin Alƙa'ida, wadda a cikinta aka bayyana shirin kai wa 'yan Shi'a hari har sai sun mayar da martani a kan Ahlus Sunna, ƙasar ta faɗa yaƙin ɗariƙa. Makonni kaɗan bayan haka, a ranar Ashura, 2 ga Maris, bama-bamai suka kashe mutum fiye da 150 a Karbala da unguwar Kazimiyya ta Bagadaza. Duk da haka gargaɗin da aka fi yayatawa ya ci gaba da bin ranakun da mai mamaya ya tsara wa kansa: miƙa mulki, zaɓe, ƙuri'ar raba gardama kan tsarin mulki a ranar 15 ga Oktoban 2005. Harin da ya jefa Iraƙi cikin mafi munin zubar da jini kuwa ya zo ne a ranar da ba ta cikin wannan jadawali, 22 ga Fabrairun 2006, lokacin da aka tarwatsa ƙubbar masallacin Askari, wuri mai tsarki ga 'yan Shi'a, a Samarra. Ki sa wasiƙar da wannan rana a babi ɗaya, ki ƙirga shekara biyun da ke tsakaninsu, sannan ki bincika matakan da aka ɗauka a cikinsu domin tsare wuraren ibadar da aka riga aka san ana hari.