Wace kalma za mu tsayar wa shinkafar da ƙamshinta na asali ne?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa masu kishin harshe. A kasuwanninmu basmati ta zama sunan duk wata doguwar shinkafa mai ƙamshi, alhali kuwa sunan iri guda ne daga cikin dangi mai yawa, wanda ake kira aromatic rice da Ingilishi. Dangin nan ne nake neman mu raɗa masa suna.

Basmati shinkafar Indiya da Pakistan ce, ana noma ta a Punjab da Haryana da gindin tsaunukan Himalaya, kuma sunan nata ya samo asali daga kalmar Sanskirit, tsohon harshen Indiya, mai nufin abu mai ƙamshi. Mawaƙin Punjab Waris Shah ya ambace ta a waƙarsa ta Heer Ranjha tun 1766. Masu ita ba sa wasa da sunan: da kamfanin RiceTec ya sami takardar mallakar wasu irin basmati a Amurka a 1997, Indiya ta ƙalubalance shi har aka soke mafi yawan iƙirarinsa a 2001. Sunan da aka yi shari'a a kansa bai kamata mu shimfiɗa shi a kan shinkafar Tailan ba, wadda mutanenta ke kira hom mali, kuma fitaccen irinta, Khao Dawk Mali 105, an fitar da shi ga manoma a 1959.

Akwai kuma kalanamak ta gundumar Siddharthnagar a jihar Uttar Pradesh ta Indiya, mai baƙin ɓuntu. Al'adar mutanen wurin ta ce Buddha ne ya ba kakanninsu irin lokacin da ya ziyarci yankin Kapilavastu, domin ƙamshinta ya riƙa tuna musu da shi. Ambemohar ta Maharashtra an sa mata sunan furen mangwaro, gobindobhog ta Bengal kuwa sunanta ya fito daga abincin da ake miƙa wa abin bautarsu Govinda. Kowace da labarinta, kuma babu wadda za ta amsa sunan basmati.

Kalmar da ta fara zuwa baki ita ce shinkafar turare, musamman da yake a Gana da Nijar ana sayar da ita da sunan da ke nufin haka a Ingilishi da Faransanci. Ban yarda da ita ba, domin turare a Hausa abu ne da ake fesawa ko a turara, sai mai saye ya zaci an zuba wa buhun wani abu. Gaskiyar kuwa ita ce tsiron ne da kansa yake samar da sinadarin 2-acetyl-1-pyrroline, wanda masana suka gano a dafaffiyar shinkafa a 1982, kuma shi ne dai ake ji a gugguru da ɓawon burodi. Shinkafa mai ƙamshi daidai ce a nahawu, amma siffantawa ce kawai: dafa-dukar da ta sha daddawa da man ja ita ma ta cancanci a ce da ita haka.

Abin da na zaɓa shi ne 'yar ƙamshi. Bahaushe ya riga ya saba rarraba shinkafa da wannan sigar, yana cewa 'yar Hausa da 'yar gwamnati da 'yar waje, saboda haka mai awo zai gane ta ba tare da bayani ba, kuma sigar tana nuna iri ne ake nufi, ba girki ba. Sai mu ce basmati da hom mali da kalanamak duk 'yar ƙamshi ce, kowace ta riƙe sunanta na gida. A rubutu na fi son ƙamshi da harafin m, ko da yake wanda ya rubuta ƙanshi bai yi laifi ba.