Ina neman hanyar da zan fahimtar da ɗalibai rabin-rayuwar sinadari

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina koyar da Fiziks a wata sakandaren ƙauye kusa da Ringim, kuma wani wuri a darasin ƙwayar zarra ya tsaya mini a wuya.

Lissafin ba shi ne matsalar ba. Ayodin-131 yana da furoton 53 da nutiron 78, kuma kusan duk kwana 8 rabinsa yake rikiɗewa ya koma Zenon-131, wato kwana 8 ɗin su ne rabin-rayuwarsa. Giram 40 zai koma 20, sai 10, sai 5 a kwana 24. Yaran suna rubuta wannan daidai a allo. To amma wata yarinya, wadda ta fi kowa kai a ajin, ta ce: "Malam, in an ci rabin buhun gero a kwana 8, ai a kwana 16 buhun ya ƙare. Me ya sa wannan ba ya ƙarewa?" Na ce kowace ƙwaya da sa'arta take fashewa, ba ta san shekarunta ba. Ta yi shiru, amma na ga ba ta gamsu ba.

Sai ta ƙaro wata, wadda ta fi ɗaure kai. Mun ce cibiyar ƙwayar zarra furoton da nutiron kaɗai ke ciki, to daga ina ilektiron ɗin beta, wato wanda cibiyar ke fitarwa lokacin rikiɗewar, ke fitowa? Na san nutiron ne ke juyewa furoton, shi ya sa furoton 53 na Ayodin suka zama 54 na Zenon, amma da wane yare zan faɗa wa 'yan SS3?

Ba mu da ɗakin gwaji, wuta ma sai an ga dama. Don Allah wanda ya taɓa gwada wata dabara da kayan da ake samu a ƙauye ta yi aiki, ya taimaka mini kafin jarrabawar WAEC.