Wane katako zan sa wa bencin Baba?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani benci da mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya bari a ɗan lambun gidanmu a unguwar Birni, Damagaram. Ƙafafunsa na ƙarfe ne, lafiyarsu lau, amma katakon zama da na jingina duk sun tashi aiki. Wasu sun tsage, biyu kuwa gara ta ƙwaƙule cikinsu, in ka danna da yatsa sai ya lotsa. Masu katako sun nuna min fari da ja, farin ya fi araha nesa ba kusa ba. Bencin a waje yake kwana, rani da damina. Wanne zan ɗauka?

Kafinta daga Zango: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ji ƙan Baba. Farin nan samba ne, taushi gare shi, gara kuma ba ta barinsa. Bar wa masu aikin cikin ɗaki. Amma ka sani, a Damagaram ba ruwa ne ya fi kashe katako ba. Ruwan namu daga Yuni zuwa Satumba ne, shi ma ba wani yawa gare shi ba. Rana ce matsalar. Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40, kafin nan hunturu ya riga ya tsotse komai. Katakon da ake kawowa daga kurmin kudu da danshinsa yake zuwa, da ka buga shi a ranar sai ya tsuke, ya murɗe, ya tsage ta bakin kusa. Ka nemi iroko, ka ɗaga ka ji nauyinsa, don ba kowane ja ne mai ƙwari ba. In ka saya, jera shi a inuwa, ka sa 'yan sanduna a tsakani iska ta ratsa, ya yi makonni tukuna.

Wani dattijo: Yaro, me ya kai ka katakon kanti? Nemi ƙirya. Da ita ake sassaƙa turmi, gawayinta maƙera ke so. Gara sai dai ta gaishe ta ta wuce.

Kafinta: Gaskiya ne Baba, sai dai samun ƙirya miƙaƙƙiya mai tsawon benci yanzu aiki ne. Kuma lanƙwasa kusa take, dole a huda ta tukuna. In an samu maɗaci busasshe, shi ma ba laifi.

Mai tambaya: To azarar giginya fa? Akwai ragowarta a gida.

Kafinta: Tana da ƙwari, musamman ta namiji, shi ya sa ake rufin soro da ita. Amma sartse gare ta. Yaro ya zauna da gajeren wando, kuka za ka ji.

Wani matashi: Ka sayi farin kawai ka shafe shi da baƙin man mota, an gama.

Wata hajiya: Haba ɗana! Baƙo ya zo da farar shadda ranar Juma'a, ka ce masa bismilla a kan baƙin mai? Wannan sai dirkar da za a binne a ƙasa.

Dattijon: Kuma kada wani ya yaudare ka da gawo. Ba shi da ƙwari, tun zamanin sarakunan Damagaram na da ake hana saransa, yau ma ma'aikatan gandun daji ba za su ƙyale ka ba.

Kafinta: Saura shafi. Verni mai ƙyalli ba ya jure ranarmu, ɓarewa yake. Fenti mai mai ya fi, a shafa sau biyu, ka cika shi a bakin yanka don ta nan ruwa ke shiga. Ka bar tazarar yatsa tsakanin katako da katako, ka ɗora ƙafafun a kan daɓen siminti. Ka auno tsawon bencin ka faɗa min, in lissafa maka yawan da za ka saya.